Muryata Ta Tafi Tare da Ni

Da sunan Allah na fara. Ni mahaifiyarku ce ke rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, babu wanda ya tsaya a kaina. Likita ya nuna mini hoton ƙirjina, na kuma gane abin da na gani. Wadda ta tsufa tana koyar da kimiyya ba sai an yi mata kwana-kwana ba. Gida da dukiya a raba yadda addini ya tsara. Abin da zan ambata a nan na riga na bayar kyauta tun ina raye.

Na ɗaya. Kaset-kaset ɗin labaran duniyar gobe da na yi shekaru ina karantawa a rediyo na Auta ne, don ita ce ba ta da wayo lokacin. Ki saurara, ki yi dariya inda na kauce. Na ce za a yi wayar da uwa za ta ga fuskar ɗanta daga wata ƙasa, abokan aikina suka ce alli ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, ga shi an yi. Na kuma ce kafin in tsufa za a riƙa zuwa hutu duniyar wata, ga ni ko bene ba na iya hawa. Kada ki goge ko ɗaya. Mai hasashe ba boka ba ne. Yana duban abin da ake ƙerawa yau ne ya yi lissafi, gobe kuwa Allah kaɗai ya san ta.

Na biyu. Madubin hangen taurari da ke bayan ƙofar ɗakina a kai wa ƙungiyar kimiyya ta makarantar da na koyar. Na yi musu alkawari. Ƙafarsa guda tana rawa, a ɗaure ta kafin a kai.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Injiniya, babban ɗana, ka tara muryata daga kaset-kaset ɗin nan ka koya wa na'ura. Ranar da ka ajiye ta a kan teburin maganina ka danna, na ji kaina ina tambayar Auta ko ta ci abinci, alhali bakina a rufe yake. Auta ta fashe da kuka. Na san ƙauna ce ta sa ka, ka ce so kake jikokina su riƙa hira da ni bayan ba na nan. Na san kuma ni na fara kawo irin wannan na'ura a wani labari, kana zaune a gindin rediyo da gajeren wando. Duk da haka ban yarda ba. Ranar da aka binne ni, ka goge ta gaban ƙannenka. Abin da na faɗa da bakina yana nan a kaset, ni zan amsa shi gaban Ubangijina. Abin da ban faɗa ba kada a sa mini a baki. Gobe za a yi saɓani a gidan nan, wani ya je ya tambayi akwatin na'urar nan, akwati ya yanke hukunci da muryar uwa, wa zai iya musa mata?

Amma ban ce ka bar aikin ba, ko kusa. Telan da ke ƙasan benenmu, wanda aka yi wa aiki a maƙogwaro, rubutu yake yi wa matarsa a bayan kwalin zare. Ka je ka same shi. In ya yarda, ka nemi tsofaffin saƙonninsa na murya ka mayar masa da abin da ya rasa. Shi yana raye, zai zaɓi abin da zai ce.

Na huɗu. Mai Tambaya, 'yata ta tsakiya, tun kina ƙarama ba a gama magana ba ki ce don me ba, shi ya sa sunan ya bi ki. Ranar nan kin ture na'urar ta faɗi ƙasa, kin ce wa yayanki ya binne ni da raina. Tun daga lokacin in ya shigo ta ƙofar falo, ke sai ki fita ta kicin. Ra'ayinki na bi, amma kalmar ta yi nauyi, kuma gabanki yake. Ki je gidansa da ƙafarki, ba ta waya ba. Ina so in ga kun shigo ɗakin nan tare tun idona yana gani.

Labarin da ban ƙarasa ba, na garin da ke sanyaya kansa ba tare da lantarki ba, ku biyun za ku ƙarasa shi. Shi ya san abin da zai yiwu, ke kin san tambayar wa zai cutu. Ku sa sunayenku, kada ku sa nawa a kan abin da ban rubuta ba.

Na yafe muku duniya da lahira, ni ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ga abin da ko a mafarki ban hango ba, ya sa su yi amfani da shi da tsoronsa. Injiniya, ƙannenka amana ne a hannunka. Duk ranar da kewata ta kama ɗayanku, ya tashi ya tafi gidan ɗan'uwansa, a zauna a yi hirata, a yi mini addu'a.