Kukan Ɗan Barewa a Cikin Waya

Talata

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni yau da sauƙi. Ƙafafun sun rage kumburi, tarin safe ne kawai bai sake ni ba.

Ɗanki Dogo bai fasa zuwa ba duk Asabar. Ya kawo magani, ya yanke mini farce, ya tsokane ni son ransa, ya tafi. Wannan karon cewa ya yi farcen ƙafata sai an ɗauko zarto. Na ce masa da ƙafar nan na taka dajin da shi ko a mota ba zai zagaye ba. Daga nan hira ta kai mu gandun dajin da na yi aiki, da marayun 'ya'yan barewar da muke raino da kwalbar madara. Kin tuna wanda ya cinye miki littafin makaranta? A bakinsu na koyi kukan da suke yi in sun ɓace wa uwa. Da shi muke jawo iyayen daga cikin ciyawa mu duba lafiyarsu. Dogo ya ce maƙogwaron tsoho ba zai iya ba. Na dunƙule hannu a baki na yi masa, ya fita kamar dā. Ya sa na maimaita, ya ɗauka a wayarsa. Na manta rabon da wani ya ce in maimaita abu don ya ji daɗinsa, ba don bai ji ni ba.

Ki gaida kowa.
Mahaifinki

Lahadi

Uwata,

Ina gaishe ki, da fatan ciwon kan ya bar ki. Nawa jikin yau babu daɗi, kuma ba ƙafa ba ce.

Jiya Dogo ya zo da fara'a, ya ce ya kawo mini abin alfahari. Ashe shi da abokan aikinsa sukan fita harbi in sun sami hutu. Yana riƙe da ƙafata a cinyarsa ya miƙo mini wayar. Ga shi a hoto a durƙushe yana dariya, ya ɗaga kan barewa da hannu ɗaya. Ya ce sun wuni ba su ga komai ba, sai ya kunna muryata. "Kaka, da gudu ta zo, ko waiwaye ba ta yi."

Na sa tabarau na duba da kyau. Hantsarta cike take da nono. Na tambaye shi ina ɗan. Ya ce bai ga wani ɗa ba. Ba zai gani ba, uwar takan kwantar da shi a ciyawa, shi kuwa ba ya motsi sai ta dawo. Na tambayi naman, ya ce direba suka bar wa, shi ƙahon yake so don bangon ofis. Ya ce suna da takardar izini, ba su karya doka ba, kuma ni ma ai ina cin nama. Gaskiyarsa ce. Na san maharba da yawa, wasu na kama su na sake su, don na ga abin da ke cikin tukunyar gidansu. Amma ban taɓa ganin wanda ya kira uwa da kukan ɗanta don ya sami hoto ba.

Na ce ya goge. Ya ce ya riga ya tura wa abokansa, su ma sun tura wa wasu. A nan na kasa riƙe bakina. Na janye ƙafata na ce, "Kada ka ƙara taɓa ni da hannun nan." Ya miƙe. Ya jera magungunan a kan tebur yadda ya saba, na safe a dama, na yamma a hagu, ya ja ƙofa a hankali.

Allah ya shirya mana.
Mahaifinki

Asabar

Uwata,

Takardarki ta iso, na gode. Tarin ya ƙaru kaɗan, amma ina cin abinci.

Kada ki yi wa Dogo faɗa. Maganar barewa ban janye ta ba, maganar hannu ce ba ta kamata ba. Hannun nan ne ya ɗaga ni ranar da na faɗi a banɗaki. Ya zo ne yana zaton zan yi murna, ni kuma ban taɓa gaya masa abin da ke kwance a ciyawa ba, labarin ban dariya kawai nake ba shi. Abin da ke ci mini rai shi ne ko na mutu muryar nan za ta ci gaba da yawo a aljihun mutanen da ban sani ba.

Kin ce za ki bar aiki da yara ki taho. Kada ki zo. Na yi miki kuka ne kawai, kin kuwa san yanzu ina tsoron abin da kuka yake sa uwa ta yi. Na aika maƙwabcina tela ya gaya wa Dogo cewa ina nemansa, kuma ba zan tada maganar ba sai in shi ya tada. Ya ce wa tela to.

Ki gaida maigidanki.
Mahaifinki

Ƙari: tela ya rufe shago, ya leƙo karɓar takardar nan. Ya tambaya ko ya mayar da kujerar da na sa ya fito wa Dogo da ita da safe. Dogo bai zo ba. Na ce ya bar ta a nan.