Rijiyar Malam Isyaku

Asabar, 5 ga Yuni, 1999
An yi ruwa mai kyau. Soja sun koma bariki, kowa a Gyaɗi-Gyaɗi ya zama ɗan siyasa, har mai kayan miya. Ni dai rijiyar Malam ce gabana, layin bokitai har zaure. Tun da maigidan nawa ya rasu ya bar ni, ba abin da ke sanyaya mini rai irin in ji mai ɗiban ruwa ta ce Allah ya jiƙan Malam Isyaku. Da ma don haka ya haƙa ta, sadaka mai gudana.

Laraba, 16 ga Yuni
Asabe maƙwabciyata wai kokonta na warin fetur. Na ce ta dai wanke tukunyarta. Shekara da shekaru tana shan ruwa kyauta, sai yau hancinta ya buɗe!

Alhamis, 17 ga Yuni
Da babu kowa, sai na shinshina guga. To.

Litinin, 5 ga Yuli
Masu binciken ruwa sun zo. Shugabarsu wata Nkemdilim, haifaffiyar Tarauni, Hausar bakinta ta fi ta jikokina. Har ƙasa ta durƙusa. Suna zargin tankin tsohon gidan man bakin titi ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Za su haƙa 'yan rijiyoyi, ɗaya kusa da gidan man, ɗaya bayan gidan Asabe, ɗaya a ƙofar gidana. Na ce wa zai sha? "Ba a sha, Hajiya, ta leƙen ruwa ce." Rijiyar da ba a sha! Na yi dariya har da ƙwalla.

Juma'a, 9 ga Yuli
Sun gama tawa. Bakinta bai fi gwangwanin madara ba, farin bututu, murfi da kwaɗo. Na yi musu ɗanwake, yarinyar nan ta yi ƙari. Ta shiga raina, ba zan ɓoye ba.

Talata, 27 ga Yuli
Ta zura wata doguwar kwalba da zare cikin bututun, ta jawo. Ga mai nan a saman ruwa kamar na miya. Nawa bai kai na bakin titi ba, amma akwai shi. Wai ruwan ƙasa tafiya yake yi, daga gidan man yake gangarowa wajenmu, kuma duk gugan da aka ja daga rijiyar Malam ƙara janyo man yake yi. Raina ya ɓaci. Na ce yarinya, rijiyar nan tana shayar da unguwa tun kina 'yar mitsitsiya. Ta ce, "Na sani, Hajiya. Ni ma nan nake sha in an taso mu daga firamare."

Laraba, 28 ga Yuli
In na rufe, wa zai ƙara ambaton Malam? In ban rufe ba, guba nake rabawa da sunansa.

Lahadi, 1 ga Agusta
Kafinta ya yi wa rijiyar Malam murfi, ni na danna kwaɗon da hannuna. Mata sun zo na mayar da su. Ba wadda ta yi ƙorafi, shi ya fi yi mini ciwo. Tsakar gida shiru kamar an yi ƙaura.

Alhamis, 19 ga Agusta
An tono tankin, duk tsatsa ta cinye gindinsa. Nkemdilim za ta riƙa zuwa awo wata-wata. Yaushe zan buɗe? "Sai man ya janye, Hajiya. Wataƙila shekaru." Allah ya kai mu. Ina share gindin bututun nan da safe, don dai kada awaki su ɓata wurin.

Talata, 7 ga Satumba
Asabe ta ja ni gidan marigayi Alhaji Shehu, can saman layi, rijiyarsu aka auna aka ce lafiya lau. Rakiya kawai na je, ƙaramin bokiti na riƙe don kada a ce na zo hannu rabbana. Da na cika sai na ji bakina ya ce Allah ya jiƙan mai rijiya. Matarsa tana tsintar shinkafa, ta ɗago ta dube ni, ta ce amin. Na san wannan kallon.

Ruwansu bai kai namu daɗi ba. Gobe dai na ce Asabe ta biyo mini da wuri.