Kyandir Ya Tsallake Ni

Zuwa ga Yaya Sokhom, mijina, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan gonar da ta tsattsage, inuwar mangwaron bakin kogi da rana tsaka, kai da kukan gogenka ya fi mini ruwan giginya zaƙi.

Ka ga dai ban manta yadda ake buɗe wasiƙa ga masoyi ba. Shekara ashirin da shida ina rera irin waɗannan kalmomi a bikin 'ya'yan mutane, bakina ya saba, ko ina fushi fitowa suke yi. Kuma ina fushi, Yaya. Na gaya maka tun daga sama don kada zaƙin gaisuwar ya ruɗe ka. Ni ce Sinat, matarka, idan har sunan yana tuna maka wani abu.

Malis za ta yi aure. 'Yarka, wadda ka bari tana da shekara goma sha tara. Kaka Hem, wanda har yanzu shi ke jagorantar bukukuwan garinmu, ya duba shekarun haihuwarsu ya ce sun dace, ya tsayar da rana: tara ga hasken wata mai kamawa, bayan an gama shigar da shinkafa rumbu. Saura kwana ashirin da uku. Angon sunansa Kosal, mai gyaran injin ban-ruwa ne a hanyar Battambang, yana da kunya, yana da ci, kuma ita ta zaɓi abinta. Ban rubuto don neman izininka ba. Wanda ya shekara uku bai tambayi ko 'yarsa ta ci ko ba ta ci ba, ba shi da izinin da zai bayar.

Wannan takarda ɗan Goggo Yun maƙwabciyarmu, direban nan, shi zai kawo maka ita. Shi ya gan ka a Poipet watan jiya kana tura amalanken kaya a bakin iyaka, da tsohon rawaninka mai ja da fari a ka. Ya ce ka yi ƙiba. Ƙiba, Yaya! Ni ina nan ina kai wa sufaye shinkafa a haikali da sunanka, ban san ko lafiya zan roƙa maka ko, in ka mutu, kyakkyawar sake haihuwa a rayuwa ta gaba ba, ashe kai kana can kana ajiye tumbi. Da na ji, sai na zauna a matakalar gida. Na yi murna kana da rai, sannan na ji kamar in shaƙe ka.

Ka tuna ranar da ka fara ganina? Wani biki ne a bakin kogin Sangker, ina da shekara goma sha takwas, ranar farko da aka ba ni waƙar askin ango da amarya. Na riƙe almakashi da madubi ina rawa a bayansu, sai na ɗaga ido na ga taron, waƙar ta gudu daga kaina ƙaf. Na tsaya baki buɗe kamar kifin da aka jefo kan tudu. Kai kuma kana zaune a gefen tabarma da tro ɗinka, gogen nan na ƙoƙon kwakwa mai tsirkiya biyu, ko kallona ba ka yi ba. Sai kawai ka zagayo da kiɗan wurin da na ɓace, ka sake zagayowa, ka sake, kamar dama haka ake yinsa, har na kamo bakin zaren. Bayan an tashi ka same ni a gindin mangwaro ina kuka, ka miƙo mini shinkafa mai ɗumi da aka dafa a cikin sandar gora, ka ce, "Ƙanwata, in kin ɓace ki tsaya inda kike, goge zai zagayo ya ɗauke ki." To na tsaya, Yaya. Shekara uku ke nan ina tsaye inda ka bar ni, ban ji an zagayo ba.

Ranar namu auren kai ka riƙe bakin gyalena ka bi ni a baya, muka hau matakalar gidan innata, mutane na watsa mana furen dabino. Wa ya tilasta ka? Wa ya ce ka riƙe in ka san za ka saki? Ni ban ja ka ba, kai ka biyo ni.

Bari in tuna maka wani abu, tunda da alama Poipet ta wanke maka kai. Idan aka zo zagayen kyandir, ango da amarya na tsakiya, ma'aurata ne kaɗai ke zama kewaye da su, waɗanda aurensu bai tsage ba. Kyandir uku, zagaye bakwai, hannu zuwa hannu, kowa ya karɓa ya kaɗa hayaƙin da tafinsa zuwa ga yaran, ya ba su daga cikin sa'ar aurensa. Shekara ashirin ba a yi wannan zagaye a garin nan ba sai an dakatar da kiɗa an ce, "Sokhom da Sinat su ajiye kayan sana'a su shigo." Uwayen amare har ja mini hannu suke yi in zauna saitin 'yarsu. Ka san yadda nake ji da wannan wurin zama. Ba ni da sarƙar zinariya, ba ni da gidan bulo, amma ina da shi.

Na san abin da ya kore ka, kada ka ce ban sani ba. Ina wurin. Bikin ɗan mai injin casar shinkafa, muna tsakiyar waƙa samari suka kunna manyan lasifikoki har katakon gidan na girgiza, kawun ango ya sunkuyo ya ce maka, "Baba, a taƙaita tsohon kiɗan nan, baƙi na son rawa." Na ga fuskarka. Ka sassauta tsirkiya, ka dawo gida ka rataye tro a jikin ginshiƙi, bayan kwana biyar ka ce za ka je Poipet wata uku ka dawo kafin shuka. Amma Yaya, kai kaɗai aka wulaƙanta a ranar? Muryata ba ta cikin abin da lasifikar ta danne? Ni na haɗiye, washegari na shafa hoda na tafi wani bikin. Kai ka ɗauki zuciyarka ka kai ta bakin iyaka, ka canza lambar waya, ka bar mini gari da tambayoyinsa.

Na yi maka ƙarya iya ƙarfina. Na ce aiki ya riƙe ka, na ce kana kira duk mako, har gaisuwa nake ƙirƙirowa in raba wa mutane a kasuwa. Na ɗauka sun yarda. Sai ranin da ya wuce, a bikin 'yar ƙanen Goggo Yun. Aka zo zagayen kyandir, na ajiye abin magana na shiga na zauna kamar kullum, ban ma yi tunani ba, ƙafata ce ta kai ni. Kaka Hem ya kunna. Kyandir ya taho, ya taho, ya iso hannun matar mai shagon taki da ke gefena. Na buɗe tafina. Sai ta miƙa hannunta ta gaban ƙirjina ta ba wa na gaba da ni.

Da ma wani ya yi magana, da na sami abokin faɗa. Kyandir uku, zagaye bakwai, sau ashirin da ɗaya wuta na wucewa ta ƙarƙashin haɓata, ina jin ɗuminta, ina jin ƙamshin kakin, hannuna a cinya. Tashi ya gagare ni, zama ya gagare ni. Da aka gama kuma sai ga ni tsaye ina rera waƙar ɗaurin zare, ina yi wa 'yar mutane fatan miji mai zama har tsufa. Ko kuskuren kalma ɗaya ban yi ba, in kana son sani.

Shekaranjiya na je wurin Kaka Hem da 'yar ayaba da ganyen taba, na durƙusa na ce wannan karon ai 'yata ce, ni na haife ta. Ya ce, "Jikata, ba ni na hana ki ba. Abin da ake turawa yaran na mutum biyu ne, mutum ɗaya ba shi da shi. In ya zo, ku zauna a gaba kamar da. In bai zo ba, ki tsaya a baya ki yi waƙarki."

Goggo Yun kuwa ka san bakinta. Ta same ni a inuwar ƙarƙashin gidan nan namu mai dogayen ginshiƙai ta ce, "Ke Sinat, bar wannan taurin kan. A ɗauko shi ko a bayan motar kaji ne, a yi masa wanka, a zura masa riga, ya zauna awa ɗaya ya koma tura amalankensa. Kyandir ya san wanda ya kwana a gida?" Na yi dariya har da hawaye, kuma na yarda da ita. Na zauna na rubuta maka wasiƙa ta farko, mai laushi, ina roƙon safiya ɗaya tak. Har na ce ba zan tambaye ka komai ba, ba zan ko ɗaga ido in dube ka ba in ba ka so. Ka ga inda ka kai ni.

Waccan wasiƙar tana ƙarƙashin tukunyar shinkafa, ta zama toka. Jiya da hantsi muna gyaran kifin da za mu jiƙa a gishiri ni da Malis, na ba ta labarin dabarar ina murna. Ba ta ɗago ba, wuƙa na tafiya a hannunta. Ta ce, "Inna, in Baba ya zo na yini ɗaya, hayaƙin da za ku turo mana na wane auren ne? Na da, ko na yanzu?" Na ce ta rufe mini baki ta kula da yatsunta. Amma kifin nan har muka gama ban ƙara ganinsa sosai ba. Yarinyar ta yi gaskiya, kuma taurin kanka ne a bakinta.

Ina sonka, Yaya. Ga shi na faɗa, kuma haushin kaina nake ji. Ina sonka kamar yadda gona ke son ruwan da ya yi mata latti, tana tsagewa tana kallon sama. Duk ranar Alhamis ina kunna wa tro ɗinka turare, in gaishe da malamanka da suka riga mu tafiya, in goge masa ƙura, in kore masa gara. Mutum biyu sun zo neman aronsa na kore su. Wanda yake yi mini goge yanzu yaron kirki ne, amma in na ja numfashi ba ya jirana, gaba yake yi abinsa. Kai kaɗai ka san inda numfashina ke ƙarewa. Wace irin zuciya ce za ta san wannan game da mace, sannan ta iya shekara uku ba ko sallama? Me na yi maka? In kunya ce ta hana ka dawowa hannu wofi, wa ya ce maka hannunka nake jira?

Saboda haka ga roƙona, kuma ka karanta shi sau biyu. Ka zo. Ka zo ka ga 'yarka cikin zinariya da siliki, ka ɗaura mata jan zare a wuyan hannu, ka ɗaure tsirkiyarka ka yi mata kiɗan da ka yi wa 'ya'yan kowa. Ka zo da kayanka duka, ka sallami amalanken. Zan yi maka masifa, ba zan ɓoye maka ba, wata guda ba za ka ji daɗin kunnenka ba. Bayan nan zan dafa maka miyar kifi mai tsami yadda kake so, mu tsufa.

In kuwa ka san za ka zo ne ka zauna awa ɗaya don a ce ka zo, ka yi zamanka a Poipet. Kada ka tako garin nan. Wurin zaman nan shi ne abin da na fi so a duniya bayan ku biyu, kuma na san abin da za a faɗa a kasuwa in aka ga uwar amarya tsaye a bayan mutane. Su faɗa. Gara in tsaya a baya gari duka na kallona, da in kaɗa wa 'yata hayaƙin auren da uban ya gudu ya bari. Abin da ya same ni ba zan tura mata shi da tafin hannuna ba.

Ranar tara ga wata zan shiga zagayen in zauna, in bar maka wuri a gefena, har lokacin da Kaka Hem zai ƙyasta ashana. In ya ƙyasta ba ka nan, zan tashi da kaina kafin wani ya tashe ni.

Ba zan nemi wani ba, ba zan saurari wani ba, ba zan taɓa cewa ni ba matarka ba ce. Ko ka zo ko ba ka zo ba, taka ce ni har ranar da za a ƙona gawata, nawa hayaƙin ya tashi a bayan haikali. Ba don ka cancanta ba.

Matarka,
Sinat