Gawon da Kuka Rubuta Ya Mutu Ya Yi Ganye

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ke share hanyar bututun iskar gas ta ƙasar Zurmi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Sunana Lawali Mainasara, tsohon malamin firamare, yanzu manomi a Gurbin Bore. Na rubuto ta jarida ne domin na yi ta zarya ofishinku na Kaura Namoda har masu gadi sun san tarina, kuma kullum amsar ɗaya ce, wai mai sa hannu yana Gusau. Maganata a kan itace ɗaya ce: gawon da ya rage a gonata, wanda ma'aikatanku suka shafa wa jan fenti, suka ce za su dawo su sare shi da zarar an gama kwashe amfanin gona. An kusa gamawa.

Gonar ta gado ce, kuma da gawo huɗu na gaje ta. Layinku ya ratsa ta gefen gabas, aka sare uku. Na huɗun ba ya kan layin ma, yana bakinsa ne, a inda kuke son fili don manyan motocinku su riƙa juyawa.

Kafin a fara aikin kun tara mu a filin makaranta. Jami'inku Mista Bitrus, mutumin kirki da ya daɗe a Kaura har Hausarsa ta fi ta wasunmu, ya karanto mana manyan kalmomin da kamfaninku ke aiki da su. Na saurara da kyau. Tunda da su kuka yi mana magana, da su zan ba ku amsa.

1. Binciken tasiri ga muhalli. An ce mana masana sun zagaya sun duba duk abin da aikin zai taɓa. Gaskiya ne sun zo, na gan su. Sun zo a tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Suka tarar da manyan itatuwa huɗu tsaye cikin gonata babu ganye ko ɗaya, sai rassa fari fat, suka rubuta cewa busassu ne, matattu. Ranka ya daɗe, haka gawo yake. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi yake zubar da ganyensa, rana ta sauka kan gero, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Sai ruwa ya ɗauke sannan ya tofo, ya yi inuwa har ƙarshen rani. Ban ga laifin masananku da ba su san gawo ba, ni ma in aka kai ni garinsu ba zan san itatuwansu ba. Abin da na gani shi ne sun zo sau ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, kuma ba su tambayi kowa ba, alhali ina tsaye a gonar da fartanya a hannu har muka gaisa.

Ban san abin da suka rubuta ba sai ranar da masu injin yanka suka iso. Na tambayi shugabansu dalili, ya ce shi umurni aka ba shi ya kwashe matattun itatuwa. Na nuna masa inda injin ya shiga, ɗanye jagab. Ya duba, ya ce lallai ɗanye ne, amma ba shi ya rubuta ba. Suka ci gaba da aikinsu. Na ji zafin abin ƙwarai, har na bar gonar kafin na ukun ya faɗi.

2. Itatuwa masu amfanin tattalin arziki. A bayaninku, waɗannan su ne mangwaro da ɗorawa da kaɗanya da duk abin da ake kai 'ya'yansa kasuwa. Gawo ba ya ciki, ko da kun same shi da rai. Ba diyya nake nema ba, kada a ɗauka can na dosa. Ina son ku san aikin da itacen nan ke yi ne.

Akwai wani Bafulatani, Ardo Jaɓɓi, wanda mahaifinsa ke sauka a gonar nan tun zamanin mahaifina. Duk shekara in an gama girbi sai Jaɓɓi ya taho da shanunsa ya kafa ruga a cikinta. Shanun su ci kara, su ci 'ya'yan gawo da ke zubowa, su yi ƙailula a inuwarsa. Kafin ruwan farko gonar ta sha taki ta ƙoshi. Shi bai taɓa biyana ba, ni ban taɓa biyansa ba, iyakaci matarsa ta aiko mana da nono, tawa ta aika musu da gero. Da haka gonar rairayi irin tawa take ciyar da gida ba tare da na sayi buhun takin zamani ba. Abin da ke riƙe da shanun a gonata shi ne gawo, domin kara kam kowace gona akwai shi.

Da rani ya shigo Jaɓɓi ya iso ya tarar da kututture uku. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce mini, "Lawali, wa yay yi wanga aiki? Icce guda ba ya ɗaukar garke duka." Ya raba shanun biyu, ya tura rabi wajen Jangeru. Rabin taki na samu, kuma geron bana ya nuna hakan. Inda inuwar itatuwan nan uku take a da, nan ne zangarniya ta fi kowane wuri girma. Bana da ka gan ta sai ka ɗauka gonar wani malalaci ce.

3. Masu ruwa da tsaki. Kun ce kun zauna da su duka. Kun zauna da mai gari da liman da mu manoma, har da shugaban 'yan kabukabu. Makiyayi ko ɗaya bai halarta ba, domin da damina kuka yi taron, lokacin da suke can arewa wajen iyaka don kada shanu su shiga shuka. Wanda zai fara gaya muku cewa itatuwan nan rayayyu ne shi ne mutumin da shanunsa ke kwana a ƙarƙashinsu, shi kuwa bai ma san an yi taro ba sai da na ba shi labari.

4. Maye gurbin abin da aka sare. Duk da kun ce matattu ne, kun yi alheri kun kawo dashen darbejiya masu yawa, kuka jera su a harabar makaranta, aka ɗauki hoto. Yara za su sha inuwa, kuma a matsayina na wanda ya yi shekaru yana koyarwa a rana, na yaba. Sai dai makarantar tana cikin gari, gonata tana bayan gari. Ko da a gonar kuka dasa su, darbejiya tana riƙe ganyenta da damina, gero ba ya yin kirki a ƙarƙashinta, shanu kuma ba su damu da ita ba. Mista Bitrus ya ce a lissafin kamfani yanzu ƙasarmu ta fi da yawan itatuwa. Ban musa ba, lissafin daidai ne.

Haka ma rijiyar burtsatse da kuka haƙa mana da sunan sauke nauyin al'umma. Tana aiki, matanmu sun huta, Allah ya saka da alheri. Amma duk lokacin da na ɗaga maganar gawo a ofishinku sai a tuna mini da rijiya, kamar wanda ya ce ƙafarsa ke ciwo aka miƙo masa hula.

Tunda aka fara shari'ar Musulunci a jihar nan, 'yan'uwa suke ta ce mini in kai ƙara gaban alƙali a Zurmi. Ban je ba. Alƙali zai iya cewa a biya ni, amma ba zai iya mayar da itace kan kututturensa ba, kuma kafin a kira shari'ar mai yiwuwa na huɗun ma ya bi sauran. Shi ya sa na zo wurinka kai tsaye.

Roƙona kaɗan ne. Na farko, ka ba da umurni a dakatar da sare gawon nan. Akwai fako a gabas da layin, ba a noma shi, motocinku za su juya a can ba tare da sun taɓa komai ba, kuma mai shi ya yarda. Na biyu, ka turo mutum ɗaya cikin masananku yanzu da kaka, ya tsaya ƙarƙashin itacen ya ɗaga kai, sannan ya gyara abin da aka rubuta. Jan fentin yana nan a jikinsa, ganye kuma ya rufe shi har ƙasa ta yi duhu. Na uku, kafin layinku ya kai Badarawa da ƙasar Shinkafi, inda gawo ya fi namu yawa, a sake zagayen da rani, a kuma kira makiyaya lokacin da suke gida.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ma'aikatanka a daji, ya sa aikin nan ya amfani ƙasa, ya raba ka da ɗaukar alhakin wanda ba ka taɓa gani ba.

Ranar kasuwar Shinkafi da ta wuce Jaɓɓi ya aiko mini da saƙo ta bakin wani mai sayar da gishiri. Ya ce, "Ka hwaɗa ma Lawali muna bisa hanya. In iccen na nan mu sauka, in sun kashe shi mu wuce, kak ya ga laihinmu." Mai gishirin zai koma kasuwa mai zuwa, kuma ya ce in ba shi amsar da zai kai. Har yanzu ban san abin da zan ce masa ba, domin amsar tana ofishinka.

Wassalam.

Naka,
Lawali Mainasara,
Gurbin Bore, ƙasar Zurmi.