Kitsen da Ke Hantar Auta

Zuwa ga Kawuna abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan da ka ƙi kai wa asibiti, kana ta shafa mata mai kana cewa ta yi sauƙi. Mu nan sai godiya. Yarana suna makaranta, babansu yana fama da aiki, Gwaggo kuma idon da aka yi mata aiki ya buɗe, har tana ganin ƙurar da muka bari a bayan ƙofa.

Kawu, na zaɓi in rubuto ne domin duk ranar da muka yi waya Inna tana gefena, ba na iya sakin baki. Jikin Yaya Tela ya yi tsanani fiye da yadda ake faɗa maka. Idonsa ya yi rawaya, cikinsa yana tara ruwa, a zuƙe yau, kafin mako ya zagayo ya sake cika. Hannun da ke zura zare a allura ba tare da ya duba ba, yanzu kofi ma karkarwa yake yi a cikinsa. Wani lokaci yana cikin magana sai ta kwance masa, ya tambaye ni ko an zo karɓar ɗinkin da ya bayar tun bara. Likita ya ce hantar ce ta gaza tace jini, shi ya sa. Ya kuma gaya mana ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa magani ya gama nasa, abin da ya rage shi ne dashe.

Ka san Auta ne aka samu jininsa ya dace, kuma shi ya kawo kansa, ba wanda ya tilasta shi. Za a yanki wani sashe na hantarsa a dasa wa yayansa, tasa ta sake tofowa. Da aka sanar da kai, ka yi masa addu'a, sannan ka ce wa Inna a kula da cinsa sosai domin ya samu ƙarfin shiga tiyata. Da kyakkyawar niyya ka faɗa, na sani, mu ma duka haka muka ɗauka. To, ka san ƙanwarka. Tun daga ranar ta ɗaura ɗamara. Da safe madara da shayi mai sukari kamar za a ɗebo shi da cokali, da rana soyayyen nama, da yamma hantar rago, wai hanta ita ke gina hanta. Ta hana shi fita da motarsa kada ya gaji. Duk abin da ta dafa wa Yaya Tela ya kau da kai, sai ta juye a kwanon Auta ta zauna ta tsare shi har ya suɗe. Mu kuwa muna ganin kumatu sun fito muna ta yi masa tsiya, muna cewa ango ya kusa.

Da aka koma yin hoton ciki na ƙarshe kafin a sa ranar tiyata, sai likitan Auta, domin shi ma nasa likitan daban ne, ya kira mu ofis. Ya juya mana allon, ya nuna yadda hantar ta yi fari-fari, ya ce kitse ne ya kwanta a cikinta. Ya ce hanta mai kitse idan aka yanka ba ta saurin farfaɗowa, za a jefa mai bayarwa cikin haɗari, wanda aka ba wa kuma ba lalle ta kama aiki a jikinsa ba. An ɗage aikin. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Allah ya sa asibitin yana gudanar da wani bincike a kan masu bayar da hanta irin Auta, don a gano hanyar da ta fi saurin narkar da kitsen ba tare da an raunana mutum ba. Wata likita mai haƙuri ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla, ta ce yana da damar ƙi, ko ya fita duk lokacin da ya so. Ta kuma ce ba ta yi mana alkawarin komai ba, domin da sun san amsar da ba su kira shi bincike ba. Auta ya amince. Yanzu abincinsa a awo yake, ganye da ɗan kifi da abin da bai kai cikin tafin hannu ba na hatsi, ba mai, ba sukari. Kullum sai ya yi tafiyar ƙafa har rigarsa ta jiƙe, duk mako a hau da shi sikeli a ɗebi jini. Mutumin da a da ba a barinsa da tukunya! Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai idan maƙwabta suna suya ya tashi ya rufe taga.

Matsalarmu Inna ce. Na yi mata bayani, likitar ta yi, ta ce ta ji, amma zuciyarta ba ta karɓa ba. Cewa take yi ba ta taɓa ganin inda yunwa ta warkar da mutum ba, kuma yayanta da ya fi kowa hankali ya ce a ciyar da yaron. Ranar Litinin, a barandar da muke jiran awo, na ga ta kwance bakin mayafinta ta zaro nama a leda ta cusa wa Auta a hannu, tana waige-waige kada nas ta gani. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, da ta juya ya miƙo mini. Da na tsare ta a gida, na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata 'ya ta yi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce ɗaya ya kasa ci, ɗaya an hana shi ci, to ita wa za ta dafa wa? Daga nan ta shiga ɗaki, ni ma na zauna a kicin na yi kukana.

Awon da aka yi na baya-bayan nan ya nuna kitsen ya ragu, amma bai kai inda za su yarda su taɓa shi ba. Likitan Yaya Tela kuma ya ce jikin majinyacinsa ba zai jira mu yadda muke so ba. Kwana biyun nan Auta ya fara raunana a gabanta, domin ba ya iya ganin hawayenta, jiya har ya ci loma biyu don ta yi shiru. Shi ya sa nake roƙonka, don Allah ka kira ta da kanka, kada ka aiko. Ba wanda take ji a duniyar nan sai kai. Ka ce mata ka janye maganarka ta farko. Ka gaya mata duk lomar da ta hana Auta, Yaya Tela ta ba wa. Kada ka bari sai ƙarshen mako, Kawu.

Ka gaishe mini da Umman yara, da Babban Yaya da amaryarsa, da 'Yan Biyu, da Hajiya ta ƙofar gida idan tana tune da ni. Auta yana gaishe ka. Yaya Tela ma da safiyar yau ya farka da hankalinsa, ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka yaushe za ka zo.

Wassalam. Taka 'yar ƙanwarka,
wadda kake kira Sarkin Surutu