Lasisin Baba da Neman Malam Yohanna

Yelwa, Yauri
14 ga Maris, 1993

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a Jos. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi lokaci lokaci. Aminatu ta sauka lafiya a Wara, an samu mace.

Yaya, abin da ya sa na rubuto maka shi ne maganar aikin Baba. Watan jiya aka tara masu gyaran famfo a ofishin ruwa, aka ce musu daga yanzu ba wanda zai ƙara haɗa bututun gida da babban bututun gari sai mai lasisi. Kafin a ba mutum lasisin, sai ya kawo shaidar inda ya koyi aiki, sannan ya je Birnin Kebbi a gwada shi. Ranar ashirin ga Afrilu za a rufe karɓar takardu. Ka san Baba ba shi da ko guntuwar takarda. A hannun Malam Yohanna ya koya, lokacin da ake gina dam ɗin Kainji, kuma shekara ashirin da biyar ke nan ba wanda ya taɓa tambayarsa shaida.

Makon jiya Alhaji Maikuɗi, mai sayar da kifi a bakin kasuwa, ya aiko a ce wa Baba ya dakata da aikin sabon gidansa, don yana tsoron a zo a yanke masa ruwa. Baba ya riga ya haƙa rami, ya jera bututu. Ya kwaso kayan aikinsa ya dawo tun kafin azahar. Abdullahi, wanda Baba ya koya wa aiki har ya kai ga buɗe shagonsa, yana da takardar makarantar sana'a, shi ya sa ya samu nasa lasisin. Ya zo har gida da ladabi, ya ce Baba ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin lasisinsa. Baba ya yi masa godiya, ya ce shi ba zai ɓuya bayan yaronsa ba. Tun ranar ba ya cin abinci sosai. Kullum yana tsakar gida yana kwance tsofaffin famfuna yana sake ɗaurawa, yana tambayata ko a wurin gwajin za a sa shi rubutun boko. Ni ma ban sani ba, kuma wallahi abin na hana ni sukuni.

Jami'in da na tambaya a ofishin ruwa ya ce wasiƙa daga Malam Yohanna za ta wadatar, in da sa hannunsa. An ce ya koma Bukur da zama, kusa da ku, amma ba mu san ko yana raye ba. Don Allah, Yaya, ka neme shi, ko a coci ko wajen masu sayar da kayan famfo. In ka samu takardar kada ka sa a gidan waya, ka ba direban mota ya kawo hannu da hannu.

Da farko ɓoye wa Baba na yi, amma ya gan ni ina rubutu ya gane. Sai ya ce in gaya maka, in ka ga maigidansa kada ka ce Malam Ladan, ba zai gane ba. Ka ce Ladan Gajere ne ke gaishe shi, wanda ya fasa masa bututu ranar da ya fara koyon aiki.

Inna na gaishe ka, haka Gwaggo Delu da Kawu Jibrin. Ka gaishe da Anti Hadiza, Hamza da Nusaiba. Muna jiran amsarka.

Taka ƙanwa,
Jamila Ladan