Jan Ƙyallen Foraj ɗin Tenhiya: Ta'aziyyar Alhaji Abdurrazak Mailafiya

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Gyaran Injinan Wuta ta Damargu, wadda ta haɗa rassan Tanut da Balbeji, ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, Mai Girma Alhaji Malam Abdurrazak Mailafiya, Sarkin Makanikan Damargu, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talatar da ta gabata a asibitin Tanut bayan gajeriyar rashin lafiya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a filin jirgin sama na Damagaram, yana kula da injin da ake jawowa gefen jirgi don a ba shi wuta yayin da yake ƙasa injinansa a kashe. Aiki ne da ba ya son gaggawa, domin idan ƙarfin wutar ya haura ko ya sauka daga inda aka ɗora shi, kayan da matuƙi ke dogara da su a sama ne za su ƙone. Shi ya sa Alhaji ba ya yarda a jona waya sai ya ga allurar awon wuta ta zauna daram, ko da matuƙi na ta ɗaga masa hannu ta taga. Can ne kuma ya ɗauko dokar da muka fi saninsa da ita: duk injin da aka buɗe cikinsa, a ɗaura masa jan ƙyalle a makunni, kuma babu mai kwancewa sai hannun da ya ɗaura.

Da ya ajiye aiki ya dawo gida, bai zauna ba. Ya bi Tarka, ya bi Tenhiya, ya bi ƙauyukan da babu mai zuwa, yana gyara injinan da ke jawo ruwa a foraj, wato rijiyar burtsatse, da na ɗakunan haihuwa, kuma yana yi musu irin ladabin da yake yi wa jirgi. Makiyaya sun sha yi masa tsiya, suna cewa su dai raƙumansu ba tashi sama za su yi ba, ya sake musu ruwa. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce raƙumi ma rai ne da shi, a bari allura ta zauna. Mu da muka koya a hannunsa mun sha faɗa a kan ƙyallen nan fiye da komai, kuma yau babu ɗayanmu da ya rasa yatsa a cikin injin da wani ya tayar bisa kuskure.

Ciwon ajali ya same shi ne a bakin aiki, a foraj ɗin Tenhiya, tsakiyar bazarar nan, bayan ya buɗe na'urar daidaita ƙarfin wuta da ke ƙona musu famfo, ya ɗaura jan ƙyallensa. Aka ɗauko shi zuwa Tanut, ƙyallen na nan ɗaure. Garkunan shanu da awaki suka taru a bakin kwami babu ruwa, mata na tafiya nesa da jakuna. Ƙungiya ta aika manyan makanikanta, mutanen da suka san aikin sarai, amma da suka isa suka ga ƙullin Alhaji, babu wanda ya iya miƙa hannu. Suka tsaya suna kallon juna, wasu na share ido, suka juyo.

Uwargidansa, Hajiya Fadimata, ita ce ta warware mana. Da muka je gaisuwa ta shaida mana cewa a kan gadon asibiti maganar foraj ɗin ce a bakinsa, kuma ya ce hannun ɗiyarsa Malama Sakina hannunsa ne, ta je ta kwance. Malama Sakina, wadda ta daɗe tana riƙe da garejinta a Balbeji, ta tashi daga zaman makoki bayan addu'ar uku, ta tafi Tenhiya. Ta ƙarasa aikin, ta kwance ƙyallen, ta tayar da injin. Jama'a suka matso da bokitai suna roƙon ta sakar wa famfo wuta, sai ta ɗaga hannu ɗaya tana duban allura, kamar yadda mahaifinta ke yi. Tsofaffin makiyayan da suka saba yi masa tsiya su ne suka fara hana yara matsawa. Mun jinkirta wannan sanarwa ne har sai da ruwan ya fito, domin mun san bai so a yabe shi alhali aikinsa na buɗe.

A madadin Shugaban Ƙungiya da ɗaukacin mambobinta, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Fadimata, da Malama Sakina da ƴan'uwanta, da masu girma hakimai da malaman Damargu, da al'ummar Tenhiya baki ɗaya. Mun yi rashin uba, kuma zukatanmu na ciwo. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanya kowane ɗigon ruwan da ya jawo wa mutum ko dabba a mizaninsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriya.

Ƙungiya ta nemi a ba ta jan ƙyallen ta rataye a ofishinta don tunawa. Hajiya Fadimata ta yi godiya, ta ce a'a, ta ninke shi ta sa a akwatin kayan aikin ɗiyarta, domin injin ɗakin haihuwa na Tarka na jiran gyara.

Sa hannu:
Malam Abdulhafiz Yusuf Tarka
Kakakin Ƙungiyar Masu Gyaran Injinan Wuta ta Damargu
Tanut, Jihar Damagaram